Barau Mai Gulbi Biyu

Baki biyu mugun ciwo ne, kuma ya fi muni in ya kama shugaba. Talaka in ya yi baki biyu, kansa ya cuta da iyalinsa. Mai gari in ya yi, gari duka ya ɗauka ya aza bisa ruwa. Magabata sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma kowane zamani sai an sami mai ganin haƙoransa sun fi na kowa. Namu shi ne Barau, mai garin Tungar Hamma.

Tungar Hamma ƙaramin gari ne cikin fadama, gida arba'in da 'yan kai. Kasuwarmu Talata Mafara ce, muna da dangi a Dakko, muna da surukai a Faru da Damaga. Ƙananan hukumomi biyu ne sunka haɗa iyaka a kanmu. Ba zan kama sunansu ba, don ba su ne abin zargi ba. Mu dai ta gabas muna ce mata Gabas, ta yamma Yamma, kowace da uban ƙasarta da kansilanta.

Tun kakanni magana ɗaya ce: gulbi ne iyaka. Ba a kafa dutse ba, ba a kafa turke ba, don wa zai ɗauke gulbi ya kai wani wuri? Lokacin nan gulbin ta gabas da gari yake bi, saboda haka mu mutanen Yamma ne, ba gardama. Sai wata shekara ta babban ruwa, zamanin mahaifin Barau, gulbi ya bar hanyarsa ya fasa sabuwa ta yamma da gari. Tsohuwar hanyar ta zama rairayi, muna ce mata Matacce. Sabuwar muna ce mata Mai Ruwa. Gari ya tashi a tsakaninsu kamar hanci tsakanin idanu.

Mahaifin Barau bai ɗauki abin komai ba. Inda ubansa ke kai gaisuwar salla, can ya ci gaba da kaiwa har ya koma ga Allah. Barau ne da anka naɗa masa rawani ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ga ƙofa biyu a buɗe.

In Gabas na rabon taki, sai ya hau babur ya tafi ya ce, ai gulbi shi ne mai ruwa, kuma Tungar Hamma na gabas da shi. A ba shi. In Yamma ta fara nata rabon, sai ya shiga jirgi ya haye ya ce, ai iyakar kakanni ba ta tashi don rairayi ya sha ruwa. A ba shi. Gidan sauro biyu-biyu, irin shinkafa biyu-biyu. Samari sunka sa masa suna Mai Gulbi Biyu, yana ji yana gyara zaman rawani.

Mai fitonmu Jibo taubashinsa ne, shi kaɗai ke iya faɗa masa magana a bainar jama'a. Duk sa'ad da Barau ya shiga jirginsa sai ya ce, "Jemage, yau kuma mi kake, tsuntsu ko ɓera?"

Barau ya ce, "Tuƙa jirginka, bawana. Takin da ka zuba wa barkononka, jemagen nan ya kawo shi."

"Na zuba, na gode. Amma dai ka san jemage kai ƙasa yake kwana."

A yi dariya a haye.

Wani rani, bayan an dasa albasa, kansilan Gabas ya zo. Mas'ud sunansa, yaro ne mai ladabi, tun daga nesa ya tuɓe takalmi. Anka gaisa, an tashi lafiya, ina gajiya, ina iyali, ina jama'a, ina dabbobi, sai da kowa ya gode Allah, sannan ya kawo abin da ke tafe da shi.

"Baba Mai Gari, uban ƙasa na gaishe ka. Za a ta da jinga bakin Mai Ruwa tun daga sama, ta bi gaɓar kowane gari har ta wuce naku, don ruwa shi daina cin ƙasa. Hukuma ta ba da katafila. Abin da ake so ga kowane gari, majiya ƙarfi su fito gayya, su cika buhunan rairayi, su kafa turaku."

Jinga dai tudu ne ake tayarwa da ƙasa a bakin ruwa. Aiki ne na wata da watanni, kuma ya faɗo daidai lokacin ban ruwan albasa. Barau ya fi kowa albasa a garin, kuma rabin samarin gari a gonarsa suke ƙwadago.

Barau ya shafa gemu, sannan ya ce, "Ɗana, aiki ne mai kyau, Allah shi taimaka. Sai dai kun yi ɓatan kai. Ba Matacce ka hayo ba kafin ka iso nan?"

"Shi na hayo, Baba."

"To gulbi ne iyaka. Mu mutanen Yamma ne tun kakanni. In na ba ka samarina, uban ƙasarmu shi ji, mi zan ce masa?"

Mas'ud ya ce, "Amma Baba, bara wurin rabon taki..."

"Taki na gwamnati ne, ɗana, gwamnati kuwa uwar kowa ce."

Yaro ya sunkuyar da kai, ya yi sallama, ya tafi.

Ba a jima ba kansilan Yamma ya zo, Tijjani, shi kuma da maganar hanya. Za a zuba burji daga bakin titi har mashigin Jibo, a sa kwalbati inda laka ke riƙe mota, ana son gayya. Barau ya ce masa, "Kansila, da ƙafa ka hayo ko da jirgi?"

"Da jirgi, ranka shi daɗe."

"To abin da ake hayewa da jirgi shi ne gulbi. Wancan na gabas rairayi ne, awaki ke kwana cikinsa. Kai ka taɓa jin an yi iyaka da makwancin awaki? Mu na Gabas ne."

Ranar nan da marece yayarsa Turai ta aika a kira shi. Tsohuwa ce mai faɗa, ita ta goye shi. Daga zaure ana jin muryarta.

"Barau, ubanmu ƙofa ɗaya ya sani, kuma bai mutu da yunwa ba."

"Yaya, zamani ya sake. Yanzu in ba ka da wayo sai a taka ka."

"Wayon da ya hana ka ɗaukar jinka da mutane, ran da taka jinkar ta tashi kai kaɗai za ka ɗauka. Hannu nawa gare ka?"

"Yaya, ki bar min sha'anin gari."

"Na bar maka. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Mutanen Gabas sunka yi jingarsu. Tun daga sama ta taho, gari bayan gari, har ta iso wata tsamiya da ke kan iyakar gonakinmu, nan ta tsaya cak. Mutanen Yamma su ma sunka yi hanyarsu, ta tsaya a gari na ƙarshe kafin mashigi. Barau ya cire albasarsa ya kai Mafara, mota-mota.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Da can in gulbi ya cika, yakan fantsama cikin fadamun sama ya rage ƙarfi kafin ya iso gare mu. Yanzu jinga ta matse shi, ya rasa wurin numfashi, sai ya taho a dunƙule, inda jinga ta ƙare nan ya fara samun gaɓa tsirara. Gaɓar tamu ce.

Da damina ta yi tsakiya, gero ya fara fid da kai, gaɓa ta fara zabtarewa. Ba da hayaniya ba. Kana tsaye sai ka ga ƙasa ta tsage kamar bangon tsohon ɗaki, ta jingina, ta kwanta cikin ruwa da shukar da ke kanta. Yau kunya biyar, gobe goma. Munka fito duka, maza da mata, munka cika buhuna, munka sassaro kirare munka kafa. Abin da munka aza da safe, kafin la'asar ruwa ya tafi da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan gonakin bakin gulbi sai gonar Barau, bayan gonar Barau sai maƙabarta, bayan maƙabarta sai gari.

Liman ya ce, "Mai gari, wanga aiki ya fi ƙarfin hannu. Sai katafila."

Barau ya naɗa rawaninsa, ni da Jibo munka raka shi. Gabas munka fara zuwa, don can injin yake. Munka taka Matacce da ƙafa, rairayi na shiga takalmi, munka hau babura har sakatariya. Mas'ud ya tarbe mu da mutunci, ya sa anka kawo ruwa, anka gaisa kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Barau ya faɗi abin da ya kawo shi, ya ƙare da cewa, "Ai mu naku ne, ɗana. Gulbi shi ne mai ruwa."

Mas'ud ya gyara zama, ya ce:

"Baba, wata Talata na haɗu da Tijjani a kasuwar Mafara, rumfar mai shayi. Hira ta kawo hira. Na faɗa masa abin da ka ce mini, ya faɗa mini abin da ka ce masa. Wallahi dariya munka yi har shayi ya sarƙe shi. Yau kam ba abin dariya ba ne. Amma ka duba, Baba. Ni ba ni da ikon ta da katafila, sai ciyaman. Ciyaman sai ya tambayi uban ƙasa ko ƙasarsa ce. Uban ƙasa kuwa saƙonka na kai masa kamar yadda ka faɗa, a gaban fadawansa. In munka tura inji ƙasar da mai garinta ya ce ta Yamma ce, sunansa cin iyaka. Rigimar da za ta tashi ta fi ƙarfina."

"To in je in ga uban ƙasa da kaina."

Munka je. Uban ƙasa bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah shi kyauta, Barau. Ka gai da uban ƙasarka." Fadawa sunka ce, "An gaishe ka, mai gari." Munka tashi.

Washegari Jibo ya haye da mu Mai Ruwa, jirgi na rawa, itatuwa na wucewa da saiwoyinsu. Daga mashigi laka ce har gwiwa, sai da munka tattare riguna. Barau rawani a kai, wando a hannu. Da munka iso inda burji ya fara, ya tsaya ya dubi hanyar, shimfiɗaɗɗiya, ja, ba ko kududdufi.

Tijjani ba shi da sanyin Mas'ud. Yana ganinmu ya ce, "A'a, manyan baƙi daga Gabas! Lafiya kunka hayo makwancin awaki, ko ta gulbin gaske kunka biyo?"

Barau ya haɗiye gorin. Ya ce, "Kansila, na yi kuskure. Kabarin ubana ruwa ke nema. Ubana naku ne, kai ma ka sani."

Nan jikin Tijjani ya yi sanyi. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ubanka namu ne, ba mai musu. To a ce na yarda kai ma namu ne, a ce ciyaman ya yarda, a ce mun aro inji yau. Ta ina za shi bi? Hanya ta ƙare inda gayya ta ƙare. In ya shiga lakar nan sai rani a tono shi. In ma ya kai mashigi, jirgin Jibo za shi hau?"

Jibo ya ce, "Jirgina jaki ma sai da roƙo yake ɗauka."

Ba wanda ya yi dariya, har shi Jibon.

Tijjani ya yi abin da zai iya. Ya buga wa Mas'ud waya a gabanmu, sunka yi magana mai tsawo, kowa ya kai wa uban ƙasarsa. Amsar da ta dawo ita ce, iyayen ƙasa biyu sun yarda su zauna, su zo da dattawa su taka wurin da ƙafarsu, su ga gulbi su ga gulbi, a yanke magana ɗaya. Amma sai ruwa ya janye, bayan kaka.

Barau ya durƙusa, tsofai-tsofai da shi, gaban yaron da bai wuce sa'ar ɗansa ba. "Gulbi ba shi jiran kaka, Kansila. Ku zaɓa mini. Duk inda kunka ce, can nake. Na rantse."

Tijjani ya kama shi ya ta da shi. "Baba, ba ni ke zaɓa ba. Da can kai ke da zaɓin."

Munka koma gida hannu rabbana. Mutane na bakin mashigi suna jira, da sunka ga fuskokinmu ba wanda ya yi tambaya.

Daga nan sai kallo. Ban san abin da ya fi wannan ciwo ba, namiji da ƙarfinsa ya tsaya hannu a ƙugu yana kallon ƙasar da ya gada tana tafiya. Gonar Barau ta tafi da dawarta a tsaye. Da ruwa ya kai bakin maƙabarta, Liman ya tara mu anka yi ta addu'a. Wasu sunka ce a tone na kusa a mai da su tudu, amma ƙasar ta riga ta jiƙe, wanda ya taka sai ta motsa, Liman ya hana kada a ƙara gawa bisa gawa. Da rana tsaka, muna tsaye, jeren farko ya tafi. Turai na zaune bisa turmi daga nesa, ta lulluɓe kai, ba ta yi kuka da murya ba. Barau ya je ya tsaya kusa da ita, ya ce, "Yaya." Ba ta ɗago ba.

Ran wata Juma'a, an sauko masallaci ke nan, masu kiwo sunka shigo gari da gudu suna cewa ruwa ya shiga Matacce. Munka ruga. Gulbi ya zagaya ta bayan tsamiyar nan inda jinga ta ƙare, ya tuna tsohuwar hanyarsa. Ruwa ja, da kumfa a baki, yana tafe bisa rairayi kamar wanda ya dawo gidan ubansa. Kafin la'asar ya kai ƙirji. Gabas gulbi, yamma gulbi, kowane da ruwa, kowane na cin gaɓarsa, gari na ƙanƙancewa a tsakiya.

Mutane dai ba su rasa imani ba. Mas'ud ya zo da masunta da jiragensu sunka tsaya hayin gabas. Tijjani ya zo da nasa hayin yamma. Anka fara kwashe mata da yara da tsofaffi, da abin da hannu zai iya ɗauka. Ba wanda ya tambayi kowa na wace ƙasa ne. Kowane magidanci ya dubi inda yake da dangi ya shiga jirgin can, kuma kowa ya san inda ya sauka nan ya zama nasa. Rumbuna na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kaji bisa danni, awaki na kuka.

Turai ta shiga jirgi da ƙullin kayanta, za ta wurin ɗiyarta a Dakko. Barau ya riƙe bakin jirgin ya ce, "Yaya, ki jira mu tafi tare."

Ta ce, "Tare ina? Kai ka san inda za ka?"

Anka tura jirgi.

Barau ne na ƙarshe a gaban zaurensa, ruwa na lasar dokin ƙofa. Iyalinsa sun riga sun haye. Jibo ya kawo jirgi har bakin zauren ya kafa gora.

"Mai gari, shigo."

Tun da anka naɗa shi ban taɓa jin ya kira shi mai gari ba. Barau ya shiga ya zauna. Jibo ya ce, "Ina zan kai ka, Gabas ko Yamma?"

Ba zolaya ba ce, tambayar mai fito ce, don dole ya san inda zai juya kan jirgi. Barau ya dubi hayin gabas, ga mutanen da sunka yi wata da watanni suna ɗaukar rairayi a ka ba da shi ba. Ya dubi hayin yamma, ga waɗanda sunka fasa burji ba da shi ba. Duka suna tsaye suna kallonsa.

Can ya ce, "Inda ruwa ya fi sauƙi, Jibo."

Jibo ya ce, "Babu mai sauƙi." Ya tuƙa.

Bayan kaka iyayen ƙasa sun cika alkawari, sun zo da dattawansu. Sunka tarar da gida shida a tsaye bisa ɗan tudun masallaci, saura kango da laka. Ba su daɗe ba. Sunka ce waɗanda sunka sauka gabas su bi mai garin da sunka taras, na yamma ma haka, gida shidan nan a haɗa su da gari mafi kusa. Da anka ta da maganar Barau, ɗaya ya dubi ɗaya, anka ce mai gari sai da gari.

Ga abin da Barau ya rasa, in wani na son lissafi. Gonar fadama ta tafi, ko kunya ɗaya ba ta rage ba. Rumbu huɗu da hatsin bara a ciki. Shanun huɗa biyu, da sunka tsinke igiya sunka faɗa ruwa. Gida da zaure. Kabarin ubansa da na kakansa Hamma wanda ya sari garin. Gida talatin da bakwai na talakawansa, sun zama na wasu. Rawani. Da yayarsa Turai, wadda ta rasu a Dakko da rani, ba ta aika a kira shi ba. Yanzu yana zaune a ɗakin aro bayan gidan surukinsa, ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya.